Miƙaƙƙen Layi a Facin Inatimi

Har ya mutu, mutanen bakin ruwanmu ba su daina kiransa Mai-takwas ba. Yaran da aka haifa bayan abin ya faru ma haka suka taso suna kiransa, wasunsu sun zaci 'ya'ya takwas gare shi. Sunansa Inatimi, sana'arsa facin jirgin ruwa na faiba, irin robar nan mai tauri, kuma duk wanda ya ce taɓaɓɓe ne ya zo ya maimaita a gabana. Ni ce Tariere mai bandar kifi. Rumfata tana manne da tasa shekara talatin da ɗoriya, kwano ɗaya ne ya raba mu, in ya yi tari ina ji. Abu guda mutumin nan ya nema a duniya: ya san abin da ya ja wani layi a jikin wani faci da ya yi. Amsar kuwa tana wurina, kuma na daɗe ban ba shi ba.

A Fatakwal ya koyo aikin, a wani wurin gyaran jiragen ma'aikatan mai. Ya dawo gida da akwatin katako, a ciki fitilu uku masu manyan jajayen ƙwayaye, da ma'aunin zafi mai wayoyi biyu. Sauran masu faci ba ruwansu da wannan fitina. Su goge wurin da samfefa, su shimfiɗa ƙyallen faiba, su shafe shi da gam, su bar wa rana sauran aikin. To rana a garinmu baƙuwa ce. Wata takwas ana ruwa, sai faci ya kwana uku yana danƙo, mai jirgi ya gaji ya tura abinsa ruwa a haka, bayan mako biyu ya dawo yana zagi.

Inatimi ba ya jiran rana. Gam ɗinsa ma daban ne, irin wanda ba ya nuna sai an ba shi zafi. In ya gama shimfiɗa, sai ya kafa fitilun a kan ƙafafunsu na ƙarfe nesa da jirgin, ya liƙa bakin wayoyin ma'aunin a jikin facin, ya tada janareta. Duk rubu'in awa ya matso da fitilun taƙi ɗaya, har allurar ma'aunin ta kai sittin, nan zai tsayar da ita awa uku cur. In ta haura, gam ya yi ƙuraje ya ƙone. In ta gaza, samansa ya yi tauri cikinsa ɗanye. Wajen kashewa ma ba farat ɗaya yake yi ba, ja da baya yake yi da su taƙi-taƙi yadda ya kawo su. Kuma kowane aiki sai ya yanki ɗan ƙyalle kamar tafin hannu, ya shafe shi da gam ɗin, ya ajiye a gefen facin su sha zafi tare. Shaida yake kiransa. In an gama sai ya lanƙwasa shaidar, in ta ƙi lanƙwasuwa ta karye ƙas, to aiki ya yi.

Ni dai dariya abin yake ba ni. In na leƙa na ga rumfar ta yi ja wur, shi kuma ya tasa allura a gaba kamar mai jinya, sai in tambaye shi ko jirgin ya gasu in kawo yaji da albasa. Shi kuma ya ce in koma wurin kifina, hayaƙina ne ya hana shi yin fari ya auri 'yar sarki. Mai gashin jirgi nake ce masa, shi yana ce mini mai banda. Mijina Ebikeme abokinsa ne tun suna yawo tsirara suna kama ƙaguwa a taɓo, saboda haka ba abin da ban isa in faɗa masa ba.

Ebikeme jirgin fasinja yake ja, nasa na kansa, mai ɗaukar mutum ashirin. Mutum ne mai gaggawa da son gayu, ko kasuwa za shi sai ya fesa turare. A daminar shekarar da abin ya faru ya hau kan wani kututture da ke nutse, ƙasan jirgin ya tsage ta baya kusa da inji, tsawon kamu guda. Alhamis ke nan, Asabar kuma an riga an yi hayarsa zai kai mutane jana'izar wani dattijo a wajen Brass. Aka jawo jirgin rumfar Inatimi, aka karkata shi a kan tsofaffin tayoyi. Inatimi ya ce a ba shi mako guda. Ebikeme ya ce me amfanin fitilun ƙaryar nan in sai an jira mako kamar na kowa? Suka yi ta musu, a ƙarshe Inatimi ya ce to.

Juma'a da hantsi aka kunna fitilu, ruwa kuwa tun daren jiya bai ɗauke ba. Ni ma ina da tawa damuwar. Jojin Ebikeme, zanen nan mai nauyi da mazanmu ke ɗaurawa a manyan taruka, na wanke shi tun Laraba ya ƙi bushewa. In na kai shi kusa da banda zai kwashi ƙarnin kifi, Ebikeme kuwa gara ya je a tuɓe da ya shiga taro yana ƙarnin kifi. Sau uku yana leƙowa yana tambayata zanen, har na ce masa in ya sake zan ɗaura masa buhu.

Allura ba ta daɗe da kai sittin ba Inatimi ya leƙo ta saman kwano, ya ce man janareta ba zai kai shi ba, zai je ya samo, in sa masa ido. Kalmominsa har yau ina riƙe da su.

"Mai banda, kada kowa ya shigo, kada kowa ya taɓa fitilun nan."

Na ce ya tafi abinsa, ko akuya ba za ta shiga ba.

Kuma ba wanda ya shiga sai ni, ban kuma taɓa fitila ko ɗaya ba. Na shiga in duba ne, ɗumin wurin ya buge ni, sai dabara ta faɗo mini. Na ɗauko igiyata da zanen. Na ɗaura igiyar daga wata ƙusa da ke jikin ginshiƙi zuwa ƙarfen gefen jirgin, can dab da facin inda na ji zafin ya fi taruwa, na ninka zanen biyu na shanya. Har daɗi na ji, na ce yau dai fitilun mai gashin jirgi sun yi wa wani amfani.

A fahimce ni. Ni zafin da na sani na banda ne. In ka hura wuta a ƙarƙashin kifi, zafi da hayaƙi zagayawa suke yi, su bi ta gefe, su bi ta sama, na can baya ma ya sami rabonsa. Tun ina 'yar shekara bakwai haka na san zafi. Ban taɓa kawowa a raina ba cewa akwai zafin da ke tafiya a miƙe, in abu ya tare shi ya taru.

Mai fetur na layinmu ba shi da ko ɗigo, sai da Inatimi ya tuƙa kwale-kwale zuwa ƙetare. Kusan awa biyu ya yi. Kafin ya dawo zanen ya bushe ƙayau, na kwance igiyata, na ninke shi na kai wa mai shi. Inatimi ya shigo a jiƙe sharkaf, ya duba allura ya ga sittin. Wayoyinsa biyu ɗaya tana sama ɗaya tana tsakiyar facin, ni kuwa kusurwar ƙasa ta hagu na tare. Ya cika awa ukunsa, ya ja fitilu baya, ya lanƙwasa shaida ta karye ƙas. Ya bi facin da ƙwandala yana ƙwanƙwasawa yana kasa kunne yadda ya saba, amma ruwa na dukan kwano ko maganar juna ba a ji, ga Ebikeme tsaye a kansa da gwangwanin fenti a hannu. Aka shafe, aka gama.

Asabar da safe suka tashi, fasinja goma sha tara da direba. Na raka shi har bakin ruwa, ya juya a gabana yana nuna mini yadda jojin ya zauna masa, na ce ya wuce ya ba ni wuri, wa zai kalle shi a gidan makoki. A ƙananan rafuka lafiya lau suka tafi. Sai da suka fita babban baki, inda kogi ke haɗuwa da teku, jirgi ya fara dukan taguwar ruwa, facin ya ɗago ta kusurwa ɗaya, ruwa ya shiga ƙarƙashinsa ya ɓare shi. Baya ya nutse, nauyin inji ya ja sauran. Masunta suka tsamo goma sha biyu da rai. Takwas ba su fita ba, Ebikeme na cikinsu. Bayan kwana biyu aka same shi, zanen yana ɗaure a ƙugunsa. A bakin rafi aka binne shi, don wanda ruwa ya ci ba ma shigar da shi gari.

Ina takaba aka yi zaman gari, ban je ba. An ce da aka jawo jirgin, Inatimi ya ɓamɓaro abin da ya rage na facin da hannunsa a gaban dattawa. Yawancinsa ya yi tauri kamar ƙashi, kusurwa ɗaya kuma tana lanƙwasuwa kamar fata. Tsakanin mai taurin da mai laushin akwai layi miƙaƙƙe sambal. Ya gaya wa dattawa cewa zafin fitila a zagaye yake raguwa, bai taɓa ganin ya yi layi ba, kuma bai san abin da ya faru ba. Wasu suka ce ƙarya yake, giyar ogogoro ya je sha ya bar aiki. Tsofaffin mata suka ce mutanen ruwa ne suka sa yatsa, sun riga sun zaɓi nasu. Ba a kai shi gaban hukuma ba, suna kawai aka ba shi.

Ranar da na fita takaba ya zo ƙofata ya durƙusa a cikin taɓo. Ya tambaye ni ko wani ya shiga rumfar ran nan, ko wani ya taɓa fitila. Na ce babu, kuma a sanina gaskiya na faɗa, don ban lissafa kaina ba, ni da aka bar wa gadi. Sannan na wanke shi tas. Ba irin zagin da ban yi masa ba. Na ce ya kashe mini miji da wasan fitilunsa, na ce Allah ya hana shi barci. Na tofa masa yawu ya sauka a kafaɗarsa, bai goge ba. Asabar ɗin da ta biyo na tarar da damin angala, itacen nan da ke fitowa a taɓon rafi, a bakin bandata, busasshe, an faskara. Na watsa shi a rafi. Wata Asabar wani damin ya zo. A na huɗu na hura wuta da shi, don ga 'ya'ya uku a gabana. Shekara ashirin da uku itacen nan bai fasa zuwa ba.

Masu jirgin fasinja suka ƙaurace masa. Ya koma facin tankin ruwa da kular ƙanƙara ta masu kifi. Matarsa ta haƙura shekara biyu, sannan ta kwashe yara ta koma Yenagoa, babbar 'yarsu Ayebaemi kaɗai ta ƙi binta. A coci ya koma bencin ƙarshe, kusa da ƙofa. A hankali aiki ya dawo, don duk rafin nan ba facin da ke riƙewa kamar nasa, sai dai mai jirgi ya kawo abinsa ta bayan rumfa kada fasinja su gani. Munafukai, a baki Mai-takwas, in jirgi ya tsage kuma su lallaɓo. Wayoyin ma'auninsa suka koma shida. Bai sake barin fitila tana ci ya fita ba, ko fitsari ne a gwangwani yake yi.

Gawar jirgin Ebikeme kuwa ya hana a taɓa. Tana nan a ƙuryar rumfar a kan tayoyin nan, a karkace yadda take ran nan. Ya zana wurin facin da alli, ya zana layin. Duk damina, in ba aiki, sai ya shimfiɗa sabon faci a wurin, ya kafa fitilu a inda ƙafafunsu suka tsaya, ya gwada. Ya gwada da ƙwai ɗaya a mace. Ya gwada da iska tana shigowa ta ƙofa. Ya huda rufi ruwa ya ɗiga. Ya haɗa gam ba daidai ba da gangan. Inuwa ma ta zo masa a rai, ya gwada ta ginshiƙi, ta ƙafar fitila, ta tamfol in iska ta kaɗa shi, ba wadda ta faɗa a kan allinsa. Yana yi yana kafa wa jajayen ƙwayayen nan ido, yana bin haskensu ya ga inda ya tsaya. Ta ramukan kwano jan hasken ke faɗowa a kan kifina da rana tsaka. In ya gaji sai ya ɗauko tsohon facin ya bi shi da ƙwandala, in ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, sannan dum in ya tsallaka layin, sannan shiru. Har yau in yaro yana buga cokali a kan faranti sai in ji ƙwandalar nan a kunnena.

Zuwa shekara ta tara fushina ya huce. Mun koma gaisawa, har tsokanar ta ɗan dawo. Wata rana aka kai Ayebaemi asibiti haihuwa, na dafa kekefiya, fatenmu na ɗanyar agada, na kai masa. Yana gasa facin wani jirgi. Na ratsa ta gaban fitila na tsaya ina neman inda zan ajiye kwanon. Mutumin da shekara tara bai ɗaga mini murya ba ya daka mini tsawa.

"Kauce, Tariere, inuwarki tana kan aikin."

Na ce kai, inuwa kuma cizo take yi? Sai ya sassauta, ya ba ni haƙuri, ya kamo hannuna ya kai kusa da facin, na ji zafi. Ya ɗauki murfin kwanon ya sa tsakanin hannuna da fitila. Nan take zafin ya ɗauke. Ya ce wannan ba irin wutata ba ce, ba ta zagaye, ko takarda ce ta tsaya a gabanta abin da ke bayanta ya shiga sanyi.

Na waiwaya na kalli gawar jirgin mijina. Na ga alli, na ga layin, na ga ƙusar ginshiƙi tana nan inda take, ta yi tsatsa. Faɗin wurin da ke bayan layin na san shi, don ni na ninka zanen da hannuna. Ban san yadda na kai kaina rumfata ba. Na yi amai a bayan banda, na ce wa yara zazzaɓi ne.

To me ya hana ni faɗa? Tsoro ne, ba wani abu ba. Ni ce matar da gari ke tausayawa, ni ake ba kujerar gaba a coci ranar addu'ar tunawa da su. Iyalan sauran bakwai ɗin abokan kukana ne, ɗaya ma ɗanta yana neman 'yata. In buɗe baki in ce musu me? Zane nake shanya? Na ce sai bayan biki, na ce sai bayan Kirsimeti, na ce ai faɗar ba za ta dawo da kowa ba. Sau biyu na je wurin fasto na ɓuge da maganar ciwon gwiwa. Itace yana zuwa duk Asabar, ina hura wuta da shi, kifi yana nuna, ina sayarwa. Na daina tsokanarsa, na daina shiga rumfarsa. Shi kuma ya zaci tsohon fushin ne ya dawo, ya ƙara girman damin.

Ebikeme ba a mafarki yake zuwa mini ba. Da rana, in jan hasken ya faɗo ta ramukan kwano, sai in ji ƙanshin jiƙaƙƙen zane yana bushewa, da ɗan turarensa a ciki, har ya danne ƙarnin kifi. Na taɓa tambayar masu sayen kifi ko suna jin wani abu, suka ce hayaƙi dai.

Idon Inatimi na hagu ne ya fara. Likita a Yenagoa ya ce yanar ido ce, kuma kallon fitilun ne ke ƙara mata gudu, ya daina. Ayebaemi ta sayo masa baƙin gilashi, ya ce da shi ba ya ganin iyakar haske, ya rataye shi a ƙusa. Na dama ya biyo baya, aka yi aiki bai yi kyau ba. Ya zamana Ayebaemi ce ke shimfiɗa, ita ke karanta masa allura, shi kuma tafin hannunsa ya koma idonsa. In ya ɗaga hannu a gaban faci zai ce hamsin da biyar, a duba a tarar haka ne. Ina gani yana lalube daga ƙofarsa zuwa bakin bandata da dami a kafaɗa, ban ce komai ba.

A damina ta ashirin da uku ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ya tashi a rame. Na daure na je gaishe shi, na tarar ya sa an kafa fitilun a gaban gawar jirgin. Na ce haba Inatimi, kai ba ka gajiya? Ya yi murmushi, ya ce gajiya kam akwai. Ya ce shi ba mutuwa yake tsoro ba, abin da yake tsoro ya isa can Ebikeme ya tambaye shi me ya faru, ya ce bai sani ba. In hannunsa ne ya yi kuskure yana so ya san wane kuskure, in kuma mutanen ruwa ne, to ya san a banza ya ƙarar da shekarunsa. Ya ce wani lokaci in yana zaune shi kaɗai yana jin su takwas ɗin a cikin jirgin. Ba sa cewa komai, jira kawai suke yi.

Na koma rumfata na zauna, kifi ya ƙone a kan banda ban tashi ba. Da la'asar na ɗauko igiya da zanena mafi nauyi, na tsoma shi a duro na matse. Na ce wa Ayebaemi ta je ta duba mini wuta. Na san bakina ba zai iya ba, shi ya sa na bar wa hannu. Fitilu suna ci. Na ɗaura igiyar a ƙusar nan, na kai ɗaya bakin ƙarfen gefen jirgin, na ninka zanen biyu na shanya. Inuwar ta sauka a kan allin, ba ta kauce ko faɗin farce ba.

Ya ji motsina, ya tambaya me nake yi. Na kama hannunsa yadda ya taɓa kama nawa, na ɗora a jikin jirgin. Ya shafa ta wajen zafi, ya gangaro, ya tsallaka cikin sanyi, ya tsaya. Ya koma ya sake. Ya bi layin da yatsa daga sama har ƙasa, sau uku. Sannan ya miƙa ɗaya hannun ya taɓo jiƙaƙƙen zanen, ruwansa yana ɗiga a kan ƙafarsa.

"Na wa?" ya ce.

"Jojin Ebikeme. Ya ƙi bushewa."

"Tsawon wane lokaci?"

"Har ya bushe."

Ya gyaɗa kai. Sai na ga fuskarsa ta saki, irin sakin da rabona da gani tun yana saurayi. Ya ce ashe fitilun ba su yi ƙarya ba, gam ma bai yi ƙarya ba. Har 'yar dariya ya yi. Ya ce laifinsa ne da ya bar wa mai banda gadin wutar da bai koya mata ba, ina zan sani, ko shi ne a matsayina haka zai yi. Ina kuka yana rarrashina, ni da na tofa masa yawu. Na ɗauka an gama ke nan, har na fara jin numfashi yana isa ƙirjina.

Hannunsa yana kan layin, sai ya tambaye ni.

"Yau kika gane?"

Da na ce e, Allah ya sani da ya yarda. Amma na gaji.

"Ranar da na kawo maka kekefiya, Ayebaemi tana asibiti."

Na ga leɓensa yana motsi, yana lissafi. Yaron da aka haifa ran nan shekararsa goma sha huɗu, muna jiyo muryarsa a bakin ruwa yana wasa.

"Lokacin ina gani da ido biyu," ya ce.

Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya ce in cire zanena, in ja masa fitilun baya taƙi-taƙi, kada in kashe farat ɗaya. Na yi. Duk rubu'in awa na ja taƙi ɗaya, yana zaune ina tsaye, har jan hasken ya bar jikin jirgin.

Bai gaya wa kowa ba, ko 'yarsa. Washegari ya sa aka fasa gawar jirgin aka fitar da ita. Ayebaemi ta ce ya koma cin abinci, yana barci har rana ta fito, tana ta murna ba ta san dalili ba. Asabar na fito bakin banda, ba itace. Da hantsi ta zo da ƙunshi a tsohuwar jarida, ta ce Baba ya ce a kawo mini, ya ce nawa ne. Na buɗe bayan ta tafi, tsohon facin ne.

Wata bakwai ya ƙara a duniya. In na gaishe shi ta saman kwano yana amsawa, amma Tariere yake ce mini, bai sake cewa mai banda ba. Da rani ya rasu. A wurin jana'izarsa na ji wani baƙo yana tambayar wa ya mutu, aka ce masa Mai-takwas. Ina tsaye a wurin, na ji da kunnena, na sunkuyar da kai. Yau ce rana ta farko da na faɗa wa wani, kuma sai da na bari ya shekara uku a ƙasa, kun ga irin halina.

Facin na ɗora shi a saman banda, can inda zafi ke taruwa ya zagaya ko'ina, na ce ko ya ƙarasa nuna. Hayaƙi ya mayar da shi baƙi ƙirin, layin ma sai da yatsa ake gane shi. Duk safiya kafin in jera kifi sai na sauko da shi na danna kusurwar, har yanzu tana lanƙwasuwa.